Gwangwanin Ofelia Barrientos

Ranar Talata, sha huɗu ga Afrilun 1998, ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, na fara ganin Ofelia Barrientos. Satina na farko ke nan a tagar tikiti ta tashar jirgin ƙasa ta Villa Iturbe, jirgin shida da hamsin mai shiga Buenos Aires kuwa bai iso ba. Ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta.

"Sabon hannu, ba ni takardar latti. Rubuta minti talatin, ka danna hatimin da kyau. Manajanmu makaho ne in ya ga dama."

Guga take yi a wani otal a cikin birni. Dokarsu ita ce, wanda ya makara sau uku a wata ba takardar tasha mai hatimi, ya bar aiki. In ta nuna wa manaja sai ta karɓe abarta ta jefa a gwangwanin biskit a gida. A littafina, cikin shekara goma sha huɗu, na ba ta guda dubu ɗaya da ɗari biyu da shida.

Ubanta ne mai ɗaga wa jirgi tuta a nan a da, don haka ta fi kowa sanin tashar. Ita ta gaya mini ɗakin jira yana da murhu kafin a sace shi, kuma tun 1993 aka kulle ban-ɗaki, shi ya sa ƙarƙashin gadar tsallaka layin dogo ke zarni har cikin makogwaro. Agogon tasha kuwa, ta ce, ya tsaya a huɗu da minti goma tun tana goyon 'yarta.

A Oktoban 2012 tashar ta cika shekara ɗari. Sabon shugabanmu, Baigorria, ya sa aka shafa fenti a kan kashin tantabaru ba tare da an kankare ba, shi ma ɓangaren da ke kallon titi kawai. Aka jera tukwanen fure a bakin gada, ƙamshi da zarni suka haɗu. Sannan ya ɗauke hatimina ya kulle a durowarsa.

"Anselmo, wannan watan jirgi ba ya latti a Villa Iturbe. A gaban manya za a karanta rahoton latti ran bikin shekara ɗari."

Jirgin Ofelia ya makara ran uku ga wata da ran tara. Ran sha bakwai ya makara da minti arba'in da biyar. Ta zo taga, ta kira ni da Don, laƙabin girmama namiji a nan, kamar yadda Doña yake na mace.

"Don Anselmo, a gabana gashin kanka ya zube a tagar nan. Yau ne na uku. Kar ka yi mini haka."

"Doña Ofelia, wallahi hatimin yana wajensa."

Ta leƙa ofis ta ɗaga murya. "Ranka ya daɗe mai fenti! Jirgin naka da bai makara ba, a aljihunka ka ɓoye shi?"

Ko kansa bai ɗago daga kofin shayinsa na mate ba. Na rubuta mata da hannu na sa suna. Manajan otal ɗin ya ce takarda ba hatimi, kowa ma zai iya rubutawa. Washegari aka sallame ta.

Ran biki, Asabar ashirin da bakwai, an shimfiɗa tebur aka ce jama'a su kawo kayan tarihi. Wasu suka kawo hotuna, wani ya kawo tsohuwar fitila. Ofelia ta zo da gwangwaninta ta juye shi a tsakiyar tebur.

"Ga tarihin tasharku nan, da kwanan wata da hatimi. Na watan nan ne kawai babu."

Baigorria ya sa aka share takardun cikin buhun shara kafin baƙi su iso. Da mota suka zo, domin jirgin da aka tanadar musu ya makara da minti arba'in. Aka karanta rahoton, aka yi tafi.

Ran ɗaya ga Nuwamba aka dawo mini da hatimi. Ofelia tana da shekara hamsin da takwas a lokacin, ba otal ɗin da ya ƙara ɗaukarta. Ta sayar da burodin rogo da ake kira chipá a bakin gadar nan shekara shida, sannan gwiwoyinta suka gaza, ta koma wurin 'yarta a Moreno. A can ta rasu, a watan Yulin 2021.