Sada da Farantinsa Mai Haƙori Talatin

Sada ya rasu.

Da safen nan ina ɗaure jakata a bayan keke zan tafi makaranta, wani ya turo bidiyo a guruf ɗin unguwa, ba sallama ba bayani. Na buɗe, sai ga mutum kwance a gefen hanya, ga koren keke a lanƙwashe kusa da shi. Keken na fara ganewa kafin fuskar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Sada ma'aikacin lafiya ne a nan Jibiya. Shi ke kai allurar rigakafin yara ƙauyukan Gangara da Bugaje, da kular magani ɗaure a bayan kekensa. Abokina ne tun muna sakandare.

Yau ma aikin ne ya fitar da shi. Ɗaya daga cikin motocin nan da ke biyo hanyar daji don su kauce wa boda ta taho a guje ta bi ta kansa. Direban bai ko taka birki ba.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Lokacin da fetur ya gagare mu na sayar da mashin ɗina, na sayi keken gwanjo mai faɗin taya daga Maradi, don a Riko nake koyarwa. Keken irin na zamanin nan ne, farantin sarƙa ɗaya tak a gaba, wanda 'yan ƙetare ke ce wa filato, giya duk tana baya. Ba a jima ba gwiwoyina suka kumbura. Duk inda yashi ya yi yawa sai in sauka in tura. Har na fara neman mai saye.

Sada ya zo gida, ya tsuguna, ya bi haƙoran farantin da yatsa yana ƙirgawa. Ya ɗago yana dariya.

"Malam Rabe, talatin da takwas ne hwa! Wanga na masu tsere bisa kwalta ne. Kai da ka tahiya cikin rairayi, mi ya haɗa ka da shi?"

Na ce ai ni na ɗauka babban faranti shi ne mai kyau, tunda ya fi gudu. Ya ce ya fi gudu ga mai hanyar gudu. Ya ce in tuna wurin da ya fi ba ni wahala a hanyar Riko, wato gangaren rafin nan da hawan da ke bayansa, in zaɓi farantin da zai fitar da ni daga nan ina zaune bisa sirdi. Sauran hanyar za ta zo da sauƙi.

Washegari ya kawo mini mai talatin da biyu daga cikin kayansa. Da hannunsa ya ɗaura, ya rage tsawon sarƙa, ya nuna mini yadda haƙoran suke, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, don kada sarƙa ta riƙa zamewa a gargada. Ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba ya tafi, wai ana jiransa a asibiti.

Tun ranar ban sake tura keke ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Malamai da masu awon hatsi da yawa da kuke gani bisa keke a garin nan, shi ya daidaita musu. Sai ya tambayi inda mutum ke zuwa da irin kayan da yake ɗauka kafin ya ce komai. Ya ce wa wani talatin da huɗu, wani talatin da biyu. Mutane na yi masa tsiya, babban mutum da hular kwano bisa keke kamar ɗan makaranta. Sai ya yi murmushi ya wuce.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwa ne. Na same shi ƙofar gidansa hannu duk baƙin mai, yana cire nasa farantin yana sa mai haƙori talatin. Na ce Sada, wannan ai tafiyar tsohuwa za ka koma yi.

Ya ce, "Bari kawai. Kular ta ƙara nauyi, kuma akwai wata ruga bayan Gangara da ban taɓa kaiwa ba sai na sauka. Gara in isa a hankali, ɗiyan mutane su samu allura."

Shi ya sa jinina ya tafasa da na ji abin da wasu ke yaɗawa tun ɗazu, wai shi ne ya taho a guje ya faɗa gaban mota. Wane gudu? Mai faranti talatin, cikin yashi, da kula cike da ƙanƙara a baya? Mai tafiya a ƙasa ma yana iya jerawa da shi suna hira. Ku ji tsoron Allah. Kun san motar, kun san mai ita, shi ya sa kuke neman ɗora wa mamaci laifi don ba zai tashi ya kare kansa ba.

Ku kuma da kuka tsaya kansa kuna ɗaukar bidiyo. A cikin bidiyon nan hannunsa na motsi. Na gani, na maimaita, na sake gani. Yana motsi, ku kuna gyara waya. Sai da wani dattijo mai amalanke ya zo ya ɗauke shi, kafin su kai titi rai ya yi halinsa.

Matarsa Hajara a waya ta ga mijinta. Ba wanda ya riga ya je ya gaya mata. Tana cikin shirya yara za su tafi makaranta.

Wanda duk yake da bidiyon nan ya goge shi, don girman Allah. Kada ka tura mini, kada ka tura wa kowa. Wanda kuma ya ga motar da idonsa ya je ya faɗa inda ya kamata. Ni zan je, ko ni kaɗai ne.

Mun dawo daga maƙabarta ɗazu. Mata daga ƙauyuka sun cika ƙofar gidan, wasu da goyo, sun tako tun daga Bugaje.

Ya Allah, ga bawanka Sada ya zo gare ka a kan hanyar aiki. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka bai wa Hajara da yaransa haƙuri, ka tsaya musu. Wanda ya take shi ya gudu kuma, ka hana shi sukuni har ya fito ya amsa abin da ya yi.

Wanda ya karanta wannan, kada ya wuce bai ce Allah ya jiƙan Sada ba. In kun yi sallah, ku sa shi a addu'a.