Allin Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta shekara ashirin da shida tana sayar da katako, kuma ba ta taɓa zama a aji ba. Ni kuwa na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta harkar kasuwanci, na ƙara shida a banki kafin a tashi rage ma'aikata a rage da ni. Na faɗi wannan tun da fari ne don a san waye mai ilimi a labarin nan, saboda in aka ci gaba da karatu ana iya ruɗewa.

Wurin nata ba wani babba ba ne. Fili ne mai katanga, da injin tsaga gumagumai guda ɗaya a tsakiya, da rumfunan kwano bakwai a jere, sai wani ɗan ɗaki da ake ce wa ofis don a girmama shi. Mijinta ne ya kafa wurin. Lokacin da yake raye, aikin Gwaggo shi ne ta kwashe garin katakon da inji ke zubarwa, ta ɗura a buhu ta sayar wa masu kiwon kaji. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, 'yan'uwansa suka kawo mai sayen wurin tun ba a gama karɓar gaisuwa ba. Gwaggo ta ba su ruwa suka sha, ta ce za ta yi tunani. Har yau tunanin take yi.

Abin da ta rayu a kai ba shi da wuyar faɗa. Katako idan ya fito daga bakin inji ɗanye ne, cike yake da ruwa. Sai a jera shi a ƙarƙashin rumfa, a riƙa sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. In an gama jerawa, Gwaggo za ta zo da alli ta rubuta wata da shekara a goshin tarin. Lambobi kaɗai ta iya rubutawa, su ma a karkace, bakwai ɗinta baya take kallo. Daga ranar nan babu katakon da zai bar rumfar sai ya cika wata goma sha biyu, ko da kuwa mai saye zai kwanta a ƙasa yana birgima. In lokaci ya yi kuma ba ta yarda da allin kaɗai. Takan ɗaga kan katakon ta ji nauyinsa, ta ƙwanƙwasa da zoben azurfarta, sannan ta manna kumatunta a jikinsa. Wai wanda bai gama bushewa ba sanyi gare shi. Ranar da na fara ganin haka sai da na juya baya na yi dariyata.

Masu saye kuwa ba sa dariya. Akwai wani kafinta, dattijo mai yin ƙyamare da tagogi, da ya shekara ashirin yana saye a wurinta. Kowa Kafinta yake ce masa kamar shi kaɗai ne a garin. A sauran wurare sai ya wuni yana juya katako yana ƙwanƙwasawa. In ya zo wurinmu, allin kawai yake dubawa ya ce a loda.

Da aikin banki ya ƙare na zauna gida wata biyar ina gyara takardar neman aiki, har matata ta fara gaishe ni da "sannu da hutawa" da wata irin murya. Sai Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, idanunta sun fara yana, 'ya'yanta kuma duk suna gidajen mazajensu, babu mai son warin katako. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna mini wani tsohon makulli na babbar ƙofar wurin. Akwai wani irinsa a hannun mai kula da inji, wanda ake kira Mai Zarto, amma wannan na mayafin shi ne na marigayi mijinta, kuma kowa ya san mai riƙe da shi shi ne mai wuri.

"Akawu," in ji ta, don tun daga ranar ta liƙa mini sunan, "ka zo ka yi shekara ɗaya. In mun zauna taron ƙarshen shekara na ga yadda ka yi, wannan ya koma aljihunka."

Ina son makullin nan, ba zan ɓoye ba. Mutumin da aka miƙa wa takardar sallama a gaban abokan aikinsa ya san daɗin a ce ga wuri nasa.

Taron ƙarshen shekarar da ta ambata ya kamata in bayyana shi, don ni da na ji sunan na zaci wani abu ne. Ashe zama ne a ofis, ita da Mai Zarto da ma'aikata uku, a kashe inji, a rufe ƙofa, a dafa shayi. Tambaya uku take yi. Nawa ya shigo, nawa ya fita, sannan ko akwai wanda ya dawo mana da katako. In aka amsa, sai ta faɗi abin da za a yi da ribar, wanda tun da aka fara bai taɓa wuce biyu ba: ko a ƙara rumfa, ko a canza kwanon da ke yoyo. Shi ke nan tsarin zuba jarin kamfanin, shekara ashirin da shida.

Na kama aiki da ƙarfina. Na sayi kwamfuta, na sayi kujera mai juyawa, na sa aka fara ce mini Manaja. Cikin sati biyu na gano ciwon wurin. Rumfa bakwai cike da kaya, kuɗi ne zunzurutu kwance suna shan iska. Na zana wa Gwaggo a takarda yadda in aka rage jiran zuwa wata huɗu kuɗin za su juya sau uku a shekara, a sayi inji na biyu, a sayi babbar mota a daina haya. Ta riƙe takardar kusa da hancinta ta daɗe tana kallo, ta ce zanen ya yi kyau, ta sa ta a ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa.

A wata na takwas aka ce sai an yi mata aikin ido, duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ta tafi wurin babbar 'yarta a wani gari, za ta yi wata huɗu. Da za ta hau mota ta ba ni kwalin alli ta ce in riƙa rubuta wa sabon tari kwanan wata. Makullin dai ya tafi da ita a mayafi.

Ba a yi sati uku ba sai ga Kafinta da murna. Ya samu kwangilar ƙyamare ɗari da ashirin na wasu sababbin gidaje, ana so cikin wata guda. Busasshen katakon da muke da shi ba zai yi ko rabi ba. Na ce masa ya dawo jibi. Da ya fita na zauna a kujerata ina juyawa ina lissafi, na ga cinikin nan kaɗai zai kai ribar bana inda ba ta taɓa zuwa ba. A rumfa ta biyar kuma ga wani tari nan wata huɗu da jerawa, a idona ya bushe ƙarau.

Washegari da sassafe na ɗauki jiƙaƙƙen tsumma na goge allin Gwaggo. Kafin in rubuta sabo mai nuna tarin ya cika shekara, sai da na gwada hannuna a bayan ofis fiye da sau talatin, har bakwai ɗina ta koyi kallon baya. A duk abin da na yi a shekarar nan babu aikin da na ƙware a kai kamar wannan. Ina cikin rubutawa Mai Zarto ya wuce da galan ɗin mai a hannu. Ya tsaya ya ce, Manaja, wannan ai ni na tsaga shi da damina. Na ce masa a ilimin zamani ana kiran wannan daidaita kaya da buƙatar kasuwa. Ya dube ni, ya dubi allin, ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya wuce.

Kafinta ya zo ya duba goshin tarin, ya ce a loda. Ko taɓawa bai yi ba.

Bayan wata guda sai ga shi da ƙyaure ɗaya a kan amalanke, an goge shi an shafa masa mai yana ƙyalli. Ya ce daga ragowar katakon ya yi shi, kyauta, don Gwaggo ta dawo da sababbin idanu ta tarar da sabon ƙyaure a ofis. Da hannunsa ya kafa shi. Sati uku yana rufuwa lafiya lau. Da zafi ya shigo sai ya fara cijewa daga sama, daga baya ƙasan ya fara leƙowa waje. Kullum sai na sa kafaɗa na banke shi, ina cewa a raina tsufa ya fara kama Kafinta. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba, ko kuma na haɗa na yi sauri na raba.

Gwaggo ta dawo ana jibi taro. Ranar taron na sa sabuwar riga, na buga rahoto shafi goma sha ɗaya mai launi, har da hoton injin da za mu saya da na babbar mota. Na gayyaci Kafinta a matsayin babban abokin ciniki, don a samu mai tafa mini. Gwaggo ta shigo da baƙin tabarau, ta zauna, ta cire shi. Idanunta sun washe tas. Kafin kowa ya ce komai ta kwance bakin mayafi ta ajiye makullin a kan tebur, kusa da kofin shayina. Na ƙura masa ido.

"Akawu, rufe mana ƙofa, maganar kuɗi za a yi."

Na tashi na tura, ya ƙi. Na sa kafaɗa, ya shiga ta sama ya fito ta ƙasa. Na sa gwiwa. Duk ɗakin ana kallona ina kokawa da ƙyaure cikin sabuwar riga. Na ce zafi ne, kowane ƙyaure haka yake yi yanzu.

Gwaggo ta dafa tebur ta miƙe. Ta shafa ƙyauren daga sama har ƙasa, ta rufe ido ɗaya ta duba gefensa, ta ƙwanƙwasa da zobe. Sannan ta tambayi Kafinta a ina ya samo wannan katakon, don ba ta san shi da sayen kayan banza ba.

"A nan, Gwaggo," in ji shi. "Rumfa ta biyar. Wallahi da ina fere shi na ji nauyi a hannuna, amma na tuna na ga allinki, sai na ce ni ne ƙarfina ya fara ƙarewa."

Ta tambayi ƙyaure nawa ya yi da shi. Ya faɗa. Ta dubi Mai Zarto, Mai Zarto ya dubi rufin ɗaki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da rahoton.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta zauna ta ce in karanta abin da na rubuta, tun da na sha wahalarsa. Haka na tsaya na karanta shafi goma sha ɗaya, ƙofa a buɗe. Riba ta ninka ta bara har da ɗori. Da na zo kan hoton inji da mota ta ce in ɗaga kowa ya gani, na ɗaga. Sai ta faɗi tsarin baɗi. Babu inji, babu mota, babu ko ƙarin rumfa. Ni da Kafinta za mu bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, duk ƙyauren da aka yi da katakon rumfa ta biyar a cire shi a yi sabo da busasshe, da kuɗin wurinmu, ko mai gida ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Na yi lissafin a kaina kafin ta rufe baki, don wannan dai na iya. Ribar duka ta tafi, har ta ɗan ciji uwar kuɗi.

Daga nan ta miƙa hannu ta ɗauki makullin.

"Ka ga na ajiye shi tun ba ka karanta komai ba," in ji ta. "Ba riba na zo ji ba. Tun ina kwance a asibiti na ce ko faɗuwa ɗan yayana ya yi zan ba shi, don ya riƙe mini wuri. Da ka bar allina yadda na rubuta shi, da yanzu yana aljihunka."

Ta ɗaure shi a bakin mayafi, ta ce in dawo mata da kwalin alli. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko ranar da aka sallame ni daga banki.

Ba ta kore ni ba. Mun yi wata biyar muna cire ƙyamare, na koyi riƙe guduma, na koyi ba matan aure haƙuri ta bayan labule. Ƙyauren ofis kuwa ta hana a taɓa shi, yana nan, kullum sai na banke shi da kafaɗa. An daina ce mini Manaja, an koma Akawu, kuma yanzu in babu kowa nakan manna kumatuna a jikin katako, har na fara jin sanyin da take faɗa.

Kafinta bai daina saye a wurinmu ba. Satin da ya wuce ya zo ɗaukar kaya a rumfa ta biyu, tarin da Gwaggo ta rubuta wa alli da hannunta, ni shaida ne. Ya duba allin, sai ya sunkuya ya ɗaga kan katakon farko ya ƙwanƙwasa, ya ajiye ya ɗauki na biyu. Gwaggo tana zaune a bakin ofis tana kallonsa da sababbin idanunta. Ni kuwa ko dubana ba ta yi ba. Ta jira har ya gama ƙwanƙwasa duka guda arba'in da zai ɗauka, sannan ta ce a loda masa.