Ordinatar da Inna Ta Jiƙa

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, wata Talata cikin bazara, ordinatar tawa, wato kwamfuta, ta ɗauke ina tsakiyar buga darasin tarihi. Na san lokacin domin na rubuta shi a bangon kayena, littafin da nake rubuta darasi. Wutar gida tana nan, fanka na juyawa, ita kaɗai ta yi shiru. Na taɓa gefen akwatinta, na janye hannu don zafi.

Kawuna ne ya kawo mini ita Gazawa lokacin da buron da yake aiki ya sayi sababbi. Babban akwati ne ruwan toka, da ekran mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin, kuma ta girmi ƙanwata. Littattafan lakol ɗinmu, wato makarantarmu, kaɗan ne, aron kwana uku ake ba mu, don haka duk wanda ya zo hannuna sai in buga babin da nake buƙata kafin in mayar. Shekara uku ina haka. Duk abin da zan karanta na bak, jarrabawar gama sakandare, yana cikinta, ga shi saura mako shida a yi jarrabawar. Ban taɓa kwafe shi a kle ba, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar a ajiye rubutu, kullum cewa nake sai gobe.

Kwana huɗu tana haka: ta yi minti arba'in, ta ɗauke, in jira ta huce. Inna ta tambaye ni, na ce zafi ne ke damunta. Ban ƙara komai ba, da ma ni ba mai yawan magana ba ce.

Ranar Asabar na dawo daga lakol na tarar da ita lulluɓe da buhun algarara sharkaf, yadda muke yi wa bidon ɗin ruwan sha don ya yi sanyi. Ruwa na ɗiga ta ramukan bayanta.

"Tun hantsi nake yayyafa mata," in ji Inna tana murmushi. "Taɓa ki ji, kamar randa."

Na cire buhun, na goge ta, na bar ta kwana biyu ta bushe. Da na danna maɓalli sai wani ƙauri ya tashi, shi ke nan.

Yayana har da riƙe ciki. "Allah ya jiƙan Hajiya. Wanka kam Inna ta riga ta yi mata, saura salla."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce masu sayen tsohon ƙarfe suna zuwa ranar kasuwa, a ba su a huta, ni kuma in ari kayen 'yan ajinmu.

"Ba za a ba su ba," na ce.

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba sai ranar. Na sake faɗa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce ya ba ni zuwa ranar kasuwa.

Mai gyaran waya na bakin tasha ko buɗe ta bai yi ba. "Malama, wannan ai kakata ce. Sayi waya ki huta." Na tsaya a gabansa ban motsa ba, har ya gaji ya ce akwai wani dattijo a Agiye da ke tara irinsu.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta biyo ni zuwa motar Agiye, ba tare da na roƙe ta ba. Direba ya ce a ɗaure akwatin bisa mota tare da buhunan aya da awaki biyu. Na ce a cinyata zai zauna.

"To ke da shi wane ne fasinja?"

Mutane suka kwashe da dariya. Na shiga na zauna, na rungume kayana har ya tada mota. Kafin mu isa ƙafafuna sun sage.

Dattijon ya kwance murfin, ya sunsuna ciki.

"Ni na jiƙa ta, Malam," in ji Inna, kanta a ƙasa.

"Hajiya, ba ke kika fara ba, kwantar da hankalinki."

Ya ciro ƙaramin akwatin da ke raba mata wuta, wanda ya ƙone, ya sa wani da ya cire daga gawar wata ordinatar. Ya nuna mini fankar ciki, datti da saƙar gizo sun toshe ta, abin da ke sa ta zafi ke nan tun farko. Ya share, ya ƙara mata sandar memuwar ɗaya don ta ƙara sauri. Duk abin da ya taɓa sai in tambayi sunansa in rubuta.

Da ya kunna, ekran ɗin shagonsa da ya haɗa ta da shi yana fuskantarsa, ni ina baya, ba na ganin komai. Na tambaye shi ko rubutuna yana nan, kuma ko za ta kai ni jarrabawa, domin in ba za ta kai ba gobe ne kasuwa. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, rubutunki yana nan, ko harafi bai ɓace ba. Ki faɗa wa babanki masu ƙarfe su nemi wata. Wannan za ta kai ki bak, in kina share mata fanka har jami'a ma za ta raka ki. Amma ba za ki fita shagon nan ba sai kin kwafe komai a kle, ina kallo."