Ranar da Gwani ya fere rake

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Makarfi, muna da majalisa a gindin mangwaron da ke bayan shagon. Da an idar da la'asar sai a shimfiɗa tabarma a fito da karta. Wani cikinmu da ya taɓa zama a Kaduna ne ya koya mana wasan da 'yan birni ke kira foka: kowa ya ɓoye abin da ke hannunsa, a yi ta zubawa ana burga, har mai tsoro ya janye. Mu dai ko sisi ba ma sawa. Masara ake ɗebo wa kowa cikin tafin hannu, wanda tasa ta fara ƙarewa shi zai fere wa majalisa rake. Kana fama da wuƙa, ana sha ana yi maka tsiya.

Akwai abokina ɗan acaba da muke ce wa Gwani, don tunda aka fara wasan nan wuƙa ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Akwai kuma wani abokin namu, manomin rake daga wajen Dandamisa. Shi yake kawo raken a bayan kekensa, shi kuma yake fere shi kusan kullum, har muka laƙaba masa Mai Wuƙa. Bai taɓa jin haushi ba. In ya sha kashi sai ya ce, "To, ai ni na shuka, ni na san inda gaɓa take," ya jawo wuƙa yana dariya. Ni kuwa ina tsaka-tsaki: ban iya ba, ban kuma yarda ban iya ba.

Ana nan sai wani fasinja ya nuna wa Gwani cewa ana yin wasan a waya, da kuɗi. Farkon shigarsa ya ɗan ci. Ya zo yana yi mana dariya, wai mu muna nan muna wasa da abincin kaji. Daga nan ya koma zama a gefen tabarma, kai a sunkuye, sai an taɓa shi ya amsa sallama. Can kuma ya daina zuwa gaba ɗaya. Lokacin da 'yan'uwansa 'yan acaba ke ɗibar fasinja a tasha, shi babur ɗinsa na jingine a inuwa. Mutum ya rame, fara'ar nan duk ta tafi.

Ni da na ɗauki kaina malamin majalisa, na same shi na zazzage masa wa'azi a kan caca. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Na sani, malam tela. Bari dai in mayar da abin da ya tafi, daga nan na bari. Kai ma ka san na iya." Na dawo ina ganin na yi aiki, ashe ko gezau.

Wata safiya mahaifiyarsa ta shigo shagona da wani zane, wai a yi mata kalmasa. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, abokinka zai sayar da babur. Yau da la'asar dillali zai zo daga Ikara. Da shi fa muke ci." Wallahi na san in babur ɗin nan ya tafi, kuɗin ma waya za su shige.

Da Mai Wuƙa ya iso na gaya masa. Na zaci zai yi salati ya ce mu tara dattawa. Sai kawai ya ce, "Naɗe tabarma, ɗauko masara."

Muka tarar da dillalin a ƙofar gidan su Gwani, yana zagaya babur yana taɓa taya, Gwani na tsaye da makulli a hannu. Mai Wuƙa ya rusuna ya gaida mutumin, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da hanya da kasuwa, sannan ya ce, "Alhaji, a ɗan zauna a huce, ga rake nan tafe." Ya juya wajen Gwani: "Mutumina, kafin ka rabu da dokinka, zo ka ba ni kashin bankwana. Amma yau da sharaɗi. Baya za mu juya wa juna, ba mai magana. Kowa ya tura masararsa gefe, tela ya faɗi abin da aka zuba."

Gwani ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Kai ɗin? Ko ido a rufe."

Suka zauna baya da baya, ni ina rabawa. Tun hannun farko na ga wuyan Gwani yana son juyawa, sai ya tuna ya mayar. Ya ci wani, aka ci shi wani. Inda ya kamata ya janye sai ya zuba, inda ya kamata ya tsaya sai ya tsorata ya ajiye. Gumi ya fara tsattsafo masa. Dillali ma ya bar babur ya matso yana kallo. Kafin inuwar katanga ta rufe tabarma, masarar Gwani ta ƙare ƙaf.

Mai Wuƙa ya juyo a hankali, ya miƙa masa wuƙa ta wajen ƙota. Babu ko alamar tsiya a fuskarsa.

Ya ce, "Ni ban ƙara iyawa ba, yadda nake jiya haka nake yau. Amma in na sami kati mai kyau kunnena nake sosawa. Na san kana gani, dainawar ce ta gagare ni. Tela kuwa ƙafarsa ke rawa." Na dubi ƙafata, kunya ta kama ni. Ya ci gaba: "Mutumina, kai ba karta ka iya ba, mu ka iya. To a cikin wayar nan kunnen wa kake kallo?"

Gwani ya daɗe yana kallon wuƙar, sannan ya jawo rake. Kai, ban taɓa ganin mummunar firar rake irin ta ranar ba! Rabin raken ya bi ɓawo. Gutsuren farko ya miƙa wa dillali, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, an fasa." Mutumin ya yi mita a kan man da ya ƙona, amma da raken ya tafi.

A hanyar komawa na tambayi Mai Wuƙa, "Da ya cinye ka fa?" Ya ce, "Sai in fere, in ce a sake. Dami guda na kawo. Dillali ai ba zai kwana a nan ba."

Ba zan ce Gwani ya warke a ranar ba. Ya ɗan ƙara lallaɓawa ya koma cacar, sannan ya musanya wayar da ƙarama mai tocila. Abin da ya tafi bai dawo ba har yau. Amma ya dawo tabarma, kuma tun daga nan yakan fere rake jefi-jefi, don ni na koyi danne ƙafata da hannu.

Har yanzu in na tuna sai girman Mai Wuƙa ya ƙaru a idona. Ni na san abin da ya dace a faɗa, na kuma faɗa. Shi kuwa abokinsa ya sani. Duk shekarun da muke yi masa dariya yana fere mana rake, ashe yana kallonmu fiye da yadda muke kallonsa, bai taɓa amfani da abin da ya gani don ya ci kowa ba, sai ranar da za a ceci mutum.

Majalisar ta watse yanzu, kowa da hidimarsa. Kwanaki na je Makarfi ranar kasuwa, na hango su sun taho daga hanyar Dandamisa. Dami na ɗaure a baya, Mai Wuƙa ya yi furfura yana zaune a tsakiya, Gwani na tuƙi. Na tare su na ce, "Gwani, nawa kake cajinsa?"

Ya daki tankin babur ɗin, wancan dai na ranar, ya tsufa amma yana tafiya. Ya ce, "Haba tela. Mutum yana biyan kuɗin hawa abinsa?"