Gwaggon da ta kai ni bakin teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Gwaggo, ƙanwar mahaifina, bayan gajeriyar jinya. Ina tsaka da shanya aka sanar da ni, na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah. Amma Gwaggo, ki yafe mini, duk sanda na ɗauki alƙalami don in rubuta alhini sai in tsinci kaina ina murmushi. Ba ki bar mana labarin da ake bayarwa da fuska a murtuke ba.

Kin yi aikin ungozoma a asibiti har furfura ta cika miki kai. Da kika ajiye aiki, kowa ya zaci tabarma za ki shimfiɗa ki jira jikoki. Sai kika sayi jakar goyo irin ta 'yan makaranta da takalmin roba, kika ce kin gaji da jin labarin duniya a bakin mutane. Fanshonki bai taka kara ya karya ba, don haka motar da kowa ke gudu ita kike nema, masaukin da ko allo babu a ƙofarsa nan kike sauka.

Shekarar da mijina ya rasu na kulle kaina a ɗaki, ba ci ba magana, 'yan uwa suka yi lallashi har suka gaji. Ke ba ki lallashe ni ba. Labule kika yaye, kika ce gwiwarki na ciwo, kina neman mai riƙe miki jaka zuwa bakin teku. Kunya ce ta fito da ni. Daga baya na ga yadda gwiwar nan ke riga samari hawa bayan a-kori-kura.

Motarmu ta farko rufinta na yoyo. Da ruwa ya kece kika buɗe lema a cikin mota, fasinjoji suka fashe da dariya, kafin wani lokaci duk sun matso ƙarƙashinta. Akuyar da aka ɗaure ƙasan kujerarmu kuwa ta cinye mana burodi har da takardar da aka naɗe shi. A masauki fanka na ruri kamar injin niƙa, gidan sauron ya yi hujin da kaza za ta wuce, kika toshe shi da filastar asibiti. Na tarar da ƙaton kwaɗo cikin bokitin wanka na fito a guje, kika ce in yi masa ladabi, shi ya riga mu kama ɗakin.

Washegari muka iske ruwa ya cinye gada a tsakiyar wani daji kore shar. Motoci sun yi dogon layi, rana na dukan kai, gumi ya jiƙa kowa sharkaf. A nan naƙuda ta kama wata matashiya a motarmu, mijinta ya rikice yana ta kai-komo. Ba ma jin yarensu, su ma ba sa jin namu. Da hannu kika yi ta ba da umarni: direba ya kwashe kayan kujerar baya, mai shayin gefen hanya ya tafasa ruwa, mata suka toshe tagogi da zannuwa. Ni ina tsaye a gefe, kika dube ni kika ce:

"Ɗiyata, wanke hannu ki shigo. Baƙin cikinki ya jira ki a waje."

Jaririyar ta zo shiru, jikinta ya saki. Na ga fuskarki ta sauya, kika share mata baki, kika dinga murza bayanta kina hura mata numfashi, kina kiran sunan Allah. Can sai ta tsala ihu. Dajin nan ya ɗauka da sowa, direbobi suka yi ta danna oda, mijin ya rungume mai shayi yana hawaye. Kika dangwara mini ita a hannu da ɗuminta. Ban san sanda na fara dariya ba, dariyar da na zaci an binne ta tare da mijina.

Kwale-kwale ya tsallakar da mu, muka ƙarasa a bayan a-kori-kura kan damman ayaba. Da tekun ta bayyana kika tattare zani kika faɗa ciki kamar yarinya. Igiyar ruwa ta kayar da ke, ta tafi da takalminki ɗaya, kika tashi kina tofar da ruwa kina cewa ashe zancen gishirin nan gaskiya ne. Muka zauna a yashi muka sha ruwan kwakwa, na ci kifi har kika riƙe mini hannu. Na dawo gida ƙafafu a kumbure, jiki duk cizon sauro, kuma a makon na koma bakin aikina.

Ranar da na je duba ki a gadon asibiti, numfashi na yi miki wuya, amma na same ki kin tsare ma'aikaciyar jinya da tambaya: daga ina take, wace mota ake shiga zuwa garinsu, kuma wace kujera ce ba ta jijjiga.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya gafarta miki, ya sa hannun nan da ya karɓi 'ya'yan mutane ya karɓi littafinki ta dama. Allah ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanki, da jikokinki, da duk wanda kuka taɓa raba kujera a mota. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu zuwan. Amin.