Ruwan da Ya Ƙi Fita

A gidanmu na ƙauye, yamma da garin Managil a ƙasar Sudan, wurin wanke-wanke yana gindin katangar baya. Baba ya zura guntun bututun ƙarfe ta ƙarƙashin katangar, ruwan toka da na kwanuka yana bi ya fita waje. Doka ɗaya ce a wurin, kuma kowace mace ta san ta: ba a zuba ruwan zafi a makwarara sai da bisimilla, domin akwai mazauna ciki da ido ba ya gani, su ma da 'ya'yansu.

Shekarar da autarmu ta rasu ne makwararar ta toshe. Zazzaɓi ya ɗauke ta a ƙarshen damina, ko shekara huɗu ba ta cika ba. Duk kwanakin jinya da na makoki ba mu ɗora tukunya ba, maƙwabta ke kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miya su kwashe kwanukansu. Ranar da Inna ta koma wanke-wanke ta tuttule ruwa, sai ruwan ya tsaya cik.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo gaisuwa daga garin Rufa'a ta ƙi komawa. Allah ya jiƙanta, amma ni har yau ina jin haushinta. Ta leƙa ruwan, ta tambayi Inna ko ta taɓa zuba na zafi ta manta bisimilla. Inna ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Wace mace ce za ta iya? Gwaggo ta gyaɗa kai kawai. Daga ranar Inna ta sa wa ranta cewa ita ta ƙona ɗan wasu, suka rama a kan tata.

An gwada kara, ya karye a ciki. Baba ya zaga waje ya zura waya, ta daki wani abu mai tauri ta lanƙwashe. An karɓo rubutu wurin malam an zuba, shi ma ya zauna tare da sauran. Ruwan ya koma kore, sauro ya samu gida, gindin katanga ya fara jiƙewa. Inna ta daina cin abinci. Kwanuka kuwa sai ta ɗauke su a ka har bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, ta wanke a can. Da tsakar rana nakan gan ta tsaye daga nesa tana fuskantar lungun, bakinta na motsi, tana ba su haƙuri. Ni kaina da gudu nake wuce wurin.

Wata safiya Baba ya dawo daga ban ruwa a hawasha, gonar audugarmu, ya dubi yadda Inna ta rame ya ce ya isa haka. Ya kwashe ruwan da bokiti, ya ce in sa hannu tunda nawa ne siriri. Gwaggo ta hana, bai ko kalle ta ba. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga, na zura har gwiwar hannu. Na fara jawo tsumma, sai guntayen karan auduga, sai baƙar laka a cure, sannan wani finjalin gahawa mai ɓallallen baki.

Duk mun san finjalin. Inna ce ta ba auta don wasa. Sai a lokacin muka tuna yadda take bin Baba gona, tana kallon yana tare bakin lambatu da laka don ruwa ya juya cikin kunyoyin shuka. In ta dawo sai ta yi nata a tsakar gida da ruwan buta, ta ce hawasharta ce.

Baba ya juya lakar a tafinsa. Ya ce wa Inna, "Ba iskoki ba na. Aikin ɗiyarki na, ta tare ruwanta yadda tag ga ina yi."

Gwaggo ta tuna tana da aiki a madafa. Baba ya sheƙa bokiti guda, ruwan ya bi bututun ya fice da ƙara. Na ji daɗi ƙwarai, na juya in ga Inna ta huta. Ta huta ɗin, don a ranar ta ci abinci, kuma ba ta sake tsayawa ba da haƙuri a lungun ba. Amma a lokacin tsugunawa ta yi da finjalin a hannu, tana kallon wurin har ya tsane.

"Malam, da ka bar mata," ta ce wa Baba a hankali. "Ba ta ƙare ban ruwa ba."