Rariyar da Ba a Tsoma ba

Da ƙarfe bakwai da rabi Mai-Rariya ya buɗe ɗakin gwaji, ya rataye hularsa a ƙusa, ya kunna famfo. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki: a kawo masa gutsuren dutsen da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa, ya jiƙa shi, ya wanke lakar a rariya, ya busar, sa'an nan ya zauna gaban madubin ƙara girma yana tsince ɓawon wasu ƙananan halittun teku da tsinin burushi. Masana suna kiransu foraminifera. Kowane ɗaya bai kai ƙwayar yashi ba.

Bai yi karatu mai zurfi ba, amma idonsa ya san duwatsun nan hawa-hawa. A shimfiɗar da ta kwanta lokacin da teku yake da zurfi, ɓawon da suka fi yawa kumburarru ne, masu rauni. A wadda ta kwanta a ruwan gaɓa kuwa, farare ne masu kauri, kamar ƙwayar shinkafa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: tsakanin samfuri da samfuri sai ya tsoma rariya cikin shuɗin rini, domin duk ɓawon da ya maƙale a raga ya rine, a gane shi baƙo ne.

Wata huɗu da suka wuce, sabon shugaban sashe, wanda kowa ke kira Dakta, ya tsaya gaban ma'aikata ya ce tsohon nan yana ɓata lokaci da al'adar kakanni, wai hannunsa ya soma rawa, wai shi ke jinkirta rahotanni. Aka dakatar da shi mako uku, aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, saura shekara guda ya yi ritaya. Matarsa ta ce ya bar wa Allah. Ya ce ya bari, amma kullum da takardar yake kwana, da ita yake tashi.

A makonnin nan uku Dakta ya wanke samfura da kansa, bai tsoma rariya ba ko sau ɗaya. Sai ga fararen ɓawo a shimfiɗar ruwa mai zurfi, a samfurin da aka haƙo daga zurfin mita ɗari takwas da goma. Ya rubuta rahoto cewa teku ya janye a wannan zamani, ya aika wa Farfesan da ya koyar da shi. Da Mai-Rariya ya dawo ya leƙa ɗan faifan da aka jera ɓawon a kai, nan take ya gane daga inda suka fito. Ya mayar da faifan wurinsa. Ya jira.

Yau ne Farfesa ya zo gani da idonsa. An umarci Mai-Rariya ya jera faifai kawai. Sai ya ɗauko rabin dutsen da ya rage a ma'aji, ya wanke shi a tsanake da rariyar da ya tsoma, ya tsince, ya ajiye faifansa kusa da na Dakta.

Farfesa ya daɗe a kan madubi. Ya ɗago ya tambayi dalilin da ya sa dutse ɗaya ya ba da amsa biyu. Dakta ya soma bayani mai tsawo, Farfesa ya ɗaga masa hannu, ya juya ga Mai-Rariya.

"Baba, kai ka wanke wannan?"

"Na dama nawa ne, ranka ya daɗe. Na hagu an wanke shi ina gida ina jinyar rawar hannu."

Farfesa ya nemi a nuna masa samfurin da aka wanke kafin wannan. Mai-Rariya ya miƙa littafin aiki a buɗe: na mita ɗari biyu ne, cike da fararen ɓawo. Su ne suka maƙale a raga, suka faɗa cikin samfurin da ya biyo baya. Farfesa ya ce a janye rahoton, a kuma kawo masa fayil ɗin tsohon kafin ya tafi.

Bayan la'asar Dakta ya shigo shi kaɗai, ya ce abin da ya wuce ya wuce, su zama ɗaya. Mai-Rariya bai ɗaga kai daga madubi ba.

"Dakta, a gaban mutum goma sha ɗaya ka faɗa. In ka tara su, ina nan."

Da Dakta ya fita, sai ya ɗauki faifan hagu, mai rubutun Dakta da kwanan wata a jikinsa, ya kai shi kabad ɗin gilashi inda ake koya wa sababbin ɗalibai aiki. Ya yanki kati, ya rubuta da kyakkyawan hannu cewa wannan misalin gurɓataccen samfuri ne, ya jingina shi a sahun gaba, ya kulle kabad, ya jefa makullin a aljihu.